Benen da Auta Ya Zaɓa

Har yau Auta ake kiransa, duk da furfura ta ci rabin gemunsa, tumbi kuma yana riga shi shiga ɗaki. Shagon tayil gare shi a bakin babban titi, kuma aikinsa a shagon bai wuce zama a kujera yana nuna wa masu gini wanda ya fi sheƙi ba. Zaman nan ne ya tara masa abin da likita ya gani ranar da ya ɗaura masa abin awo a dantse. Likitan ya dubi allon, ya dubi tumbin, ya ce jini ya hau, in bai nemi inda zai riƙa zubar da gumi ba to ya shirya abota da ƙwaya har ƙarshen rayuwa.

Ƙwaya ba ta ba Auta tsoro ba. Abin da ya ba shi tsoro shi ne ya san inda hawan jini yake kai mutum, don kullum da safe yana ganinsa zaune a kujerar roba a ƙofar ɗakin yayansa.

Yaya mai walda ne, ko kuwa a ce ya taɓa zama. Rabin ƙofofi da tagogin unguwarsu daga hannunsa suka fito. Shi ya riƙe Auta bayan rasuwar mahaifinsu, ya sa shi makaranta, ya hana shi ko leƙen wutar walda don kada idonsa ya lalace. Bara, wata safiya, ya sunkuya zai ɗauki guntun ƙarfe sai ya zube a wurin. Ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Asibiti da gashin ƙashi suka dawo masa da magana da rabin ƙafa, sauran rabin kuma aka ce sai da tafiya kullum.

Tafiyar nan a wuyan Auta ta faɗa, don 'ya'yan Yaya duk sun yi nisa. Kafin ya buɗe shago zai biya gidan, Yaya ya ɗora hannunsa na dama a kafaɗarsa ta hagu, su kama hanya har ƙarshen layi su dawo. Hannun mai walda kuwa ba hannun wasa ba ne, faffaɗa ne, mai nauyi, duk kanta. Tafiyar da yaro zai yi kafin ruwan shayi ya tafasa, su sai rana ta ɗaga. Yaya zai tsaya a kowace ƙofa ya ba da tarihinta, wa ya sa aka yi, wa ya yi gardama a kan fenti, da harshensa da ya yi nauyi, Auta yana ta "haka ne, Yaya" yana satar kallon agogo. Har in ya zauna a shago sai ya tarar kafaɗarsa ta hagu a karkace take, kamar hannun yana nan.

Gaskiyar da bai taɓa faɗa wa ko matarsa ba ita ce ya gaji. Yana son Yaya, wannan ba abin tambaya ba ne. Amma yana marmarin safiya guda wadda ba hannun kowa a jikinsa.

Da ya ba da labarin likita, sai fuskar Yaya ta washe, gefe guda dai, yadda take washewa yanzu.

"Ashe mun zama biyu," in ji shi. "Ni ma likitar gashi ta daɗe tana cewa in nemi gidan motsa jiki mai keken nan da ba ya zuwa ko'ina. Nauyin faɗa maka nake ji. To ka nemo mana, mu riƙa zuwa tare."

"To, Yaya."

"Kuma kar ka bi ƙyale-ƙyale, na san halinka. Ka duba na kusa, don na nesa sati biyu za mu yi mu watsar. Ka taka ƙasan ka ji ko da santsi, kai da tayil ne abincinka. Ka leƙa banɗakinsu, nan ake gane tsabtar wuri. Ka tambayi mai koyarwar ko ya taɓa riƙe irina. Kuma ka je da safe, lokacin da za mu riƙa zuwa, ka ga ko cinkoso ake yi."

Matar Yaya tana shanya a igiya, ta juyo ta ce, "Kuma ban da bene."

"Wannan ai ba sai an faɗa ba," in ji Yaya.

Auta ya yi yawon dubawa da gaskiyarsa, wannan kam a ba shi. Na farko yana bayan tashar mota, rumfar kwano ce cike da samari masu ƙirji kamar ƙofar shago, kiɗa na tashi har cikin haƙori, ga warin gumi tun daga waje. Ko banɗakin bai nema ba. Na biyu na wani otal ne a can ƙarshen gari, har da wurin ninkaya, amma kafin ka je ka dawo rabin yini ya tafi, ƙasan kuma irin tayil ɗin da shi kansa yake hana masu tsofaffi a gida saya.

Na uku yana kusa, a hawa na biyu na wani gini, saman kantin magani. Auta ya hau matakalar yana haki, ya tura ƙofar gilas, iska mai sanyi ta tare shi. An shimfiɗe ƙasan da roba mai kama ƙafa. Banɗakin tsaf, har da ƙarfen dafawa a bango. Kocin dattijo ne mai magana a hankali, ya ce ya yi aiki da masu shanyewar ɓarin jiki da dama, ya nuna masa keke mai jingina da maɗaurin ƙafa wanda aka tanada dominsu. Duk abin da Yaya ya lissafa yana nan, kamar da shi aka yi shawarar ginin.

Yarinyar da ke teburin karɓar baƙi, mai fara'a da saurin baki, ita ta rako shi.

"Yallaɓai, na ga ka sha matakala," ta ce. "In mara lafiyar zai zo, ku zagaya ta baya, gefen janareto. Akwai lif a can, na'urar hawa bene, har ƙofarmu yake kawowa. Zo ka gani."

Ta nuna masa. Ƙaramin lif ne, tsoho, fentinsa duk ya kankare, amma yana aiki. Auta ya dube shi, ya ce madalla, ya juya ya sauka ta matakala.

A mota ne abin ya zo masa. Bai zauna ya ƙulla ba, zuwa ya yi da kansa ya zauna kusa da shi. Ya tuna sanyin wurin, da injin gudun da ke fuskantar taga, da yadda zai hau shi kaɗai ba mai kiran sunansa. Sai ya hango kansa yana ɗaure wa Yaya ƙafa a keke, yana kai shi banɗaki, yana jiran ya gama ba koci tarihin ƙofofi. Kafin ya iso gida maganar ta gama shirya kanta a bakinsa.

"Na samu wuri, Yaya. Komai ya yi. Kusa ne, da tsabta, kocin ma ya san aikinsa." Ya sunkuyar da kai. "Sai dai bene ne. Hawa na biyu."

Ya ce wa kansa ai bai yi ƙarya ba, bene ne kuwa.

Yaya ya ce, "Matakalar ta siminti ce ko ta ƙarfe?"

"Siminti."

"Da abin dafawa?"

"Akwai, gefe guda. Dama in kana hawa."

"Miƙe take ko tana da kwana?"

Nan Auta ya saki baki. Ya kwatanta tsayin kowane taki, da ƙuncinta, da kwanar da take yi a tsakiya inda ƙarfen ya yanke, da yadda shi mai lafiya ma sai da ya tsaya ya huta. Ya ƙara mata tsayi kaɗan don maganar ta zauna. Yaya yana saurare yana gyaɗa kai, irin sauraren da yake yi in an zo ba shi aiki.

"To kai ka shiga," ya ce daga ƙarshe. "Lafiyarka ma lafiya ce. Ni da uwar ɗakin nan ma lallaɓa a tsakar gida."

Haka aka yi. Tafiyar safe ta koma ta ƙarshen mako, daga nan ta koma ta in an samu hali. Auta ya sayi takalmi da wando, ya fara hawa injin gudu. Tumbi ya fara ja da baya, likita ya yaba, matarsa ta ce har munsharinsa ya ragu. Abin da ya nema ya samu, safiya tasa shi kaɗai.

Sai dai bai ji daɗinta ba ko sau ɗaya. Keken nan mai jingina yana gefen injinsa, yawanci ba kowa a kai, maɗaurin ƙafar yana lilo. Ya sauya inji, sai ya tarar madubi yana nuno masa shi. Bai taɓa zagayawa ta baya ba, ko ranar da gwiwarsa ta yi ciwo ta matakala ya hau, kamar wahalar hawan za ta rage masa wani abu. In yarinyar tebur ta ce, "Yallaɓai, ya mai jikin? Har yanzu bai zo ba?" sai ya ce da sauƙi, ya wuce da sauri.

Gidan Yaya kuwa ya koma zuwa da yamma, hannu cike da lemo da ayaba, fiye da abin da mutum biyu za su iya ci. Zai zauna a bakin kujera, ya dubi ƙasa, ya dubi igiyar shanya, ya dubi ko'ina ban da fuskar yayansa. In Yaya ya tambayi labarin wurin, sai ya yamutsa fuska ya ce ba wani abin kirki, wahala ce kawai. Yaya ya dube shi ya daɗe, ya ce, "Kar ka sa wa ranka damuwa, Auta." Wannan maganar ta fi zagi ciwo.

Wata yamma ya lura tafin hannun Yaya ya yi ja da tsatsa, ga ƙujewa a ƙwaurinsa.

"Me ya same ka a ƙafa?"

Matar Yaya ta aje tire da ƙarfi. "Gara da ka tambaya. Ka tambaye shi abin da yake yi da..."

"Kujera na yi karo da ita," in ji Yaya, ya harare ta da idon da ke hararuwa. Ta tsuke baki ta shige ɗaki.

Auta bai bi diddigi ba. Mai ɓoye magana ba ya son a fara tone-tone, ko na wani ne. Ya wuce ta gefen matakalar ƙarfen da ke hawa kan tankin ruwa, wadda Yaya ya haɗa da hannunsa shekarun baya, bai ko lura tsatsar abin dafawarta ta goge har tana ƙyalli ba.

Ranar da abin zai faru, yana ɗaura takalmi waya ta yi ƙara.

"Biyo ka ɗauke ni," in ji Yaya. "Yau tare za mu."

Auta ya tarar da shi a ƙofar gida, tsaye, cikin wani tsohon wandon ƙwallo na ɗansa da takalmin roba, an tsuke igiyar tsaf. Matar Yaya na bayansa, hannu a ƙirji.

"Tun ranar da ka kwatanta masa matakalar nan bai bar ni na huta ba," ta ce. "Kullum yana kan ta tanki, ya hau ya sauko, ina ƙasa ina salati. Sau nawa ya zame. Ya ce in na faɗa maka ba ni ba shi. To ga shi nan, amana."

Auta ya buɗe wa Yaya mota, ya ɗaga masa ƙafar hagu ya sa ciki, ya zagaya ya zauna.

Tafiyar ba ta da nisa, ai don kusancin aka zaɓi wurin. Kalma ɗaya ce a bakinsa, lif, kuma ya san in ya faɗe ta Yaya ba zai taka matakalar nan ba. Ya kuma san in ya faɗe ta, tambaya za ta biyo. Ya yi tunanin ya ce kwanan nan aka sa shi, sai ya tuna kankararren fentin, ya tuna wanda zai yi wa ƙaryar mutum ne da ke sanin shekarun ƙarfe da kallo ɗaya. A mahaɗa ya buɗe baki, fitilar hanya ta ba da hannu, ya rufe. Da suka iso, ga kwanar da ke zagayawa baya, ga gaban kantin magani. Hannunsa ya juya sitiyari zuwa gaban kantin.

Ya gwammace yayansa ya hau bene da ƙafa ɗaya da rabi a kan ya ji kunya. Ya san abin da ya zaɓa ke nan, a lokacin ma ya sani, ba daga baya ba.

Yaya ya tsaya a gindin matakala ya ƙare mata kallo. "Ba ta kai yadda ka faɗa ba," ya ce da murmushi. "Kai dai rago ne." Ya damƙi ƙarfen da dama, ya girgiza shi ya ji ƙarfinsa. "Hawa aikina ne, kar ka taɓa ni. Saukowa ce sai da kai, don ƙarfen zai koma hagu, hannun da ba ya jin kira. Nan kafaɗarka za ta yi aiki."

Ya ɗora ƙafar dama, ya ja jiki, ya jawo ta hagu ta biyo tana karta siminti. Ya sake. Auta na bayansa, hannu biyu a buɗe. Kafin kwanar tsakiya rigar Yaya ta jiƙe sharkaf. Inda ƙarfen ya yanke, ya saki, ya yi tangaɗi, takalmin hagu ya maƙale a bakin taki. Auta ya ce, "Yaya, tsaya, akwai..." Yaya ya ce, "Shiru," ya jefa hannu ya cafko ƙarfen gaba. Wasu samari biyu masu saukowa suka manne da bango suka ba shi hanya, ɗayan yana cewa sannu Baba.

Da ƙafarsa ta taka saman, ya jingina da bango yana mai da numfashi, idanunsa na ƙyalli. Ya miƙa hannu ya dafa kafaɗar Auta, wurin da ya saba.

"To ka gani," ya ce. "Yanzu sai ka saki ranka. Tun da ka fara zuwa wurin nan ba ka iya haɗa ido da ni. Na san abin da ke cin ka, kana ganin ka tafi ka bar ni. Na ce yaron nan zai sa wa kansa wani ciwon a kan abin da ba laifinsa ba. Kai ka gina benen? Shi ya sa na ce ko da rarrafe sai na hau, don ka huta."

Auta ya tura ƙofar gilas, suka shiga.

Yarinyar tebur ta miƙe da sauri ta jawo kujera. "Sannu Baba, sannu. Kai ne mai jikin? Yau dai Allah ya yi." Ta dubi rigarsa, ta dubi ƙofar da suka shigo. "Ba dai ta matakala kuka hau ba? Ai da kun bi lif ta baya. Yallaɓai, ka manta ne? Na nuna maka tun ranar da ka fara zuwa."

Hannun da ke kafaɗar Auta bai motsa ba. Sai dai ya ji nauyinsa na raguwa a hankali, har ya ɗauke.

Yaya ya zauna. Bai dubi ƙaninsa ba, yarinyar ya duba.

"'Yata, lif ɗin sabo ne?"

"A'a Baba, tare da ginin aka yi shi."

Ya gyaɗa kai. Ta kawo masa ruwa, ya sha, ya yi godiya. Koci ya zo suka gaisa, ya nuna masa keke mai jingina, Yaya ya shafa ƙarfensa ya ce an yi aiki mai kyau, amma yau ya gaji, sai wani jiƙon.

"Yaya," in ji Auta. Muryarsa ta fito ƙarama, irin ta lokacin da yake ɗan makaranta.

"Je ka yi abin da ya kawo ka. Ina nan."

"Yaya, ni ne na..."

"Na ji ai. Ba kurma ba ne ni, ƙafa ce ta mutu." Ba faɗa a muryarsa, da ma faɗan ya yi. "Da ka ce ka gaji, Auta. Ni ma na san ina da nauyi."

Auta bai hau inji ba. Ya tsaya a gefen kujerar kamar mai jiran hukunci, har Yaya ya dafa gwiwa ya miƙe. Yarinyar, wadda sai yanzu ta fahimci ta taka wani abu, ta ce a hankali, "Baba, ga lif ta nan."

"A'a 'yata. Ta inda na hau zan sauka."

Ya bi bango da tafin hannu har bakin matakala. Auta ya riga shi, ya sauka taki ɗaya, ya juya masa kafaɗar hagu ya rage tsawo yadda hannun zai same ta. Ƙarfen dafawar ya koma gefen da ya mutu, kamar yadda Yaya ya faɗa tun a ƙasa.

Yaya ya dubi kafaɗar. Sai ya juya a hankali, yana jan ƙafa, har ya fuskanci sama, ƙarfen ya dawo damarsa. Ya damƙe shi, ya zuro ƙafa ta baya yana laluben taki, yadda masu walda ke sauka daga tsani.

"Matsa ƙasa," ya ce, bai waiwayo ba. "Kar in taka ka."

Auta ya matsa. Haka suka sauko, shi yana gaba da taki ɗaya, hannu a buɗe ba a nema ba, yana kallon jiƙaƙƙen bayan rigar yayansa, kafaɗarsa ta hagu har yanzu a karkace.